Ina Sauran?

Kafin in tafi, hannuna bai san tsayawa ba.
Duk gungumen odum da na sayo a Ahwiaa
sai na cika shi da fuskoki, da tsuntsaye, da zanen tabarma,
kamar mai tsoron a biyo shi bashi.
Kasuwar Kejetia ce ta reni idona:
inda babu cunkoso, ca nake babu rai.

Sai ga ni a ƙasar da rana ke rowa.
Shekara uku.
Ɗaki ɗaya, taga ɗaya.
Ƙanƙara ta shafe titi, ta shafe shinge,
ta bar mini sandar fitila guda, tsaye cikin fari.
Wata biyar ina kallonta, don ba ni da abokin hira.
Harshensu kuwa, kalma tara na mallaka,
da su nake sayen burodi, da su nake ba da haƙuri,
kuma ban mutu ba.

Tsohuwar da ke duba aikinmu,
mai yatsu huɗu a hannun dama,
ba ta taɓa yaba mini ba.
Takan ɗora tafinta ta rufe wani sashe,
ta dube ni.
In aikin bai yi kuka ba, sai in sare wurin.

Na dawo Aboabo da jaka ɗaya.
A Suame na roƙi Oga Kwabena tsohon sifirin na tirela.
Kwana arba'in ina kankare tsatsa,
sannan na lanƙwasa shi sau ɗaya tak,
daidai yadda bayan mahaifina ke yi
in ya sunkuya ɗaure huhun goro.

Gwaggo Ladidi ta zo gani, da ƙullin waken ta a hannu.
Ta ce, "Tanimu, ina sauran?
Ƙyuya ka je ka koyo?"
Yaran layi suka kwashe da dariya.
Ban ce komai ba, ko kalmomi taran nan ban taɓa ba.

La'asar ta yi, inuwar ƙarfen ta hau bango.
Gwaggo ta zagaya shi sau biyu,
ta tsaya ta gefen hagu,
inda takan tsaya in Baba na ɗauri.
Ta daɗe.

Sai ta ajiye ƙullin a ƙasa,
ta gyara mayafi,
ta ce, a hankali, ba da ni ba,
"Sannu da aiki, Yaya."