Maratayin Gafaka

A gidanmu na Mai Wurno
gādon bai cika tafin hannu ba:
igiyar fata ce, kamu biyu da rabi,
ta yi baƙi da gumin wuya huɗu.
Gafakar da take ɗauka
ta tsaya a Burmi ranar da aka watse.
Goggo Yalwa ta ce soja ne ya fizga,
Malam Zubairu ya riƙe, fata ta tsinke.
Soja ya tafi da littafi,
kakanmu ya yo gabas da abin da ya rage a wuyansa.

Shekarar da kogi ya cinye gonar albasa
masu fim suka zo daga Hartum, mota biyu.
Suka sha jabana a rumfarmu,
suka naɗi duk abin da Goggo ta faɗa,
har tarinta.
Suka sa wani baduku a Sinnar ya ɗinka sabuwa,
aka jiƙa ta da ruwan shayi,
aka rataye ta a madafa kwana tara
don ta tsufa.

A bangon makaranta muka kalla.
Can ƙarshe, jikan sojan ya sauko daga jirgi,
ido jajir, gafaka bisa hannu biyu
kamar mai miƙa jariri ranar suna.
Goge na kuka a bayan hoto.
Mata suka share ido da bakin mayafi,
ni ma na share, ba zan ɓoye ba.
Goggo ta gyara zama, ta ce:
"Ɗinkin Sinnar ne wannan.
Tamu ta Sakkwato ce, sawun allurarta ƙanana.
Kuma yaushe ɓarawo ya fara biyan kuɗin jirgi?"

Sai yaƙi ya zo da ƙafarsa.
Ba mai tafa hannu ya ce a sake,
wanda ya faɗi bai tashi ya karkaɗe riga ba.
Muka fita da asuba a amalanken jaki,
buhun dawa, tabarma, maganin hawan jini,
Goggo a tsakiya kamar tulu.
Sai da muka wuce gada na tuna ƙusar bayan ƙofa.
Ban faɗa mata ba.
A Gadarif ta tambaye ni sau biyu,
sau biyu na ce yana cikin jaka.
Can muka rufe ta, tsakanin mutanen da ba ta san sunansu ba.

Wata goma sha ɗaya muka dawo.
Ba ƙofa, balle ƙusa.
An kwashe gadaje, an kwance famfo,
an bar mana takalmin wani, ƙafar hagu.

Ranar Talata, bayan la'asar,
ina kankare toka daga bango,
Attayib ɗan mai ruwa ya tsaya a inda ƙofa take a da.
Bai yi sallama mai tsawo ba.
Ya kwance wani abu daga wuyan jarka,
ya ce, "A bola na tsinta. Babana ya ce naku ne."
Yana warin jaki da kananzir.
Ba goge, ba jirgi,
kaza ce kawai ke tono a gindin dalbejiya.

Na gwada a hannuna: kamu biyu.
Ya sunkuyar da kai.
"Majayin jakin ne ya tsinke, na yanki kaɗan."
Na so in yi faɗa, sai dariya ta riga ni,
irin ta Goggo, mai fita ta hanci.

Yanzu littafi na wata ƙasa, in ma yana nan,
rabin kamu na zaga gari a cikin jaki
yana kai wa mutane ruwa.
Sauran na wuyana, na biyar.
Ya fi yadda na zata ƙaiƙayi.

Kafinta ya ce ƙofa sai bayan salla.
Ƙusar dai na riga na saya.