Tafinta Ta Rasa Kalma

Barira ƙanwata harshe uku gare ta:
Hausar gidanmu na Rusaifa,
Larabcin titi da na makaranta,
da Fulatancin da ta tsinta a bakin maƙwabta.
Shi ya sa in aikin Hajji ya zo
hemomin Mina ke nemanta.

Tsohuwa ta ɓace, a kira Barira.
Wata ta yar da maganin hawan jini, Barira.
Wata na kuka ba a san dalili ba,
ita ke durƙusawa ta saurara.

Ranar takwas ga wata baƙonta ya zo.
Ta sa audugar nan ta cusawa, mai shanye da yawa,
don layin bayi a Mina ba ya tafiya,
kuma wa zai bar tsohuwa a rana ya je bin layi?
Ta ce anjima.
Aka wuni a Arfa, ta ce anjima.
Aka kwana Muzdalifa a kan tsakuwa,
anjima ta zama mantuwa.

Ranar jifa zazzaɓi ya rufe ta lokaci guda.
Amai, gudawa, jiri,
ido ja, fata ja kamar an gasa.
Kowa ya zama likita: rana ce ta buge ta.
Aka jiƙa tawul, aka ɗura mata zamzam,
aka yi fifita da murfin kwali.
Ni ma haka na ce,
ni da na goye ta.

A asibiti wata likita 'yar Sudan, Ihlas,
mai baƙin lalle a kan yatsu,
ta auna jini, ta sake aunawa, ta sunkuya:
"Kina al'ada? Akwai abin da kika sa?"

Barira da ta fassara ciwon mata ɗari
ta dubi kawunmu a bakin ƙofa,
ta dubi mai tura gado,
ta kau da kai.
Harshe uku, ko kalma ɗaya.
Sai da likita ta ja labule.

Kwana tara na'ura na ƙirga numfashinta.
Ihlas ta zaunar da ni a baranda ta ce:
ƙwayar cutar maƙwabciya ce, a fatarmu take zaune,
ba ta ce wa kowa komai,
sai ta sami ɗumi da jinin da ya kwana
ta zuba guba a cikin jijiya.
Jini ya faɗi, ƙoda ta ja da baya.
Ba kowa take kamawa ba, in ji ta,
amma wadda ta kama, ba ta ba ta gobe.

A gidanmu suna goma muke da shi
don kada mu kira shi da sunansa:
baƙo, fashin salla, "ba ta da tsarki".
Inna a baƙar leda take miƙo auduga,
idonta na kan bango.
An koya mana yadda ake ɓoyewa,
ba a koya mana awa nawa ba.

Yanzu Barira na zaune a falo,
tafin hannunta na saɓa kamar ɓawon albasa.
Wayarta tana ƙara duk bayan awa huɗu.
Jiya ta kira Sumayya 'yar yayanmu,
shekara sha uku, kunya har wuya,
ta ce: "Kar ta wuce awa takwas a jikinki,
kar ki zaɓi babba don ki huta da canji.
In zazzaɓi ya zo kina jini,
cire ta, ki tafi asibiti,
ki faɗa da bakinki, ko wa ke tsaye."

Inna na tankaɗe a kicin.
Na ji rariya ta tsaya.