Muryar Zarton Baldomero

A Coyhaique, bayan tashar mota,
rumfata ce mai jan kwano.
Matattun injinan zarto nake saye,
in busa musu rai, in sayar,
in jira wani ya sake macewa.

Ran Asabar Herminda ta zo
da buhu a baro, ruwa na dukanta.
"Na mijina ne, Baldomero.
Sanyi uku ke nan yana rataye,
tun da mai shi ya yi tafiyar da ba dawowa."

Na ja igiya, ta ƙi motsi.
Na ce dubu talatin. Ta yi shiru.
Na ce ga tsatsa, ga fistin ya kama,
ga sarƙa kamar dasashin tsohuwa,
sai na ciji harshena.
Ta ce arba'in. Na ƙirga peso,
ta tafi ba ko waiwayawa.

Da dare na buɗe cikinsa.
Ɓera ya yi gida a matatar iska,
tsohon fetur ya zama ƙaro a kafireta,
fulogi baƙi wuluk,
zobe ya karye, ya karce silinda.
A mariƙi ne hannuna ya tsaya:
an naɗa robar tayar keke,
ta lotsa daidai gurbin yatsu uku,
sauran biyun daji ya ci tun da daɗewa.

Akwai wata gawa a ƙarƙashin benci
da bishiya ta danne a Puerto Aysén,
kai ya fashe, ciki lafiya lau.
Ita ta ba da fistin da zobe.
Kwana biyu ina bin sarƙa da magagari,
haƙori bayan haƙori,
shayin mate a gefe yana hucewa.

Sai hannu ya yi mini ƙaiƙayi.
Na faɗaɗa ƙofar hayaƙi,
na huda salansa wuri biyu,
na rage silinda kaurin gashi.
Ja ɗaya, ya ƙwalla ihu,
karnukan layi suka amsa.
Gungumen lenga mai kaurin ganga
ya raba shi kafin in haɗiye yawu.
Na ce a raina: dubu ɗari da hamsin,
ba ragi, ba tayawa.

Talata ta dawo neman buhunta.
Na ce tsaya ki sha mamaki.
Na ja. Ta karkata kai
kamar mai neman ɗanta a cikin taro.
Ta ce, "Wannan ba shi ba ne.
Nasa sai ya yi tari biyu yake kamawa,
murya ƙasa-ƙasa, kamar mai gunaguni.
Daga kicin nake jin ta a kan tudu.
In ta ɗauke, in ɗora tukunya,
na san ya kusa saukowa."

Me zan ce mata?
Ƙarfen da aka goge ba ya tsirowa.

Na ciro salansar waccan gawar,
marar huda, na ɗaura.
Na yi ta murɗa sukurun mai,
gaba kaɗan, baya kaɗan,
har ya koyi tari.
Gudu ya ragu, kuɗi ya ragu.
Yerko, yaron masu katako, ya taya,
ya ce robar nan zai fara ɓarewa.
Na ce aje shi, ba na sayarwa.

Duk Afrilu, kafin ƙanƙara ta toshe hanya,
nakan hau tudun bayan gidanta
in yanka mata itacen sanyi.
Yatsuna biyar ba sa zama a robar,
biyu kullum suna neman wuri.
Ko muryar ta yi kama, ban sani ba,
ba ta taɓa faɗa ba, ban tambaya ba.
Amma in na kashe inji na juya,
nakan hango bututun kicin ɗinta,
hayaƙi yana tasowa.