Mai Ƙirga

Ƙarfe biyu da kwata na dare a Valparaíso,
jiragen ruwa na gunji a gindin tudu,
aka turo mana Eleuterio Painemal.
Shekara talatin yana jan taragon hawan dutse,
yau shi ake turawa.
Ciki ya sandare kamar katako;
ka danna, ka saki, sakin ya fi dannawar zafi.
Matarsa ta ce tun watan jiya
yake watsa ƙwayar ciwon baya a baki kamar gyaɗa.

Ni ba likita ba ce, ni ce mai ƙirga.
Ƙyalle goma, allura shida, almakashi biyu.
Na faɗa da ƙarfi, Yasna ta rubuta a bango.
Abin da ya shiga, sai ya fito.

Dakta Oyarzún ta huda ƙasan cibiya,
aka hura iska, ciki ya tashi kamar tanti,
kyamara ta zura kai.
Mutum na kwance a gabanmu, mu kuwa idonmu na kan allo:
ga hanta, ga gurɓataccen ruwa ya kwanta a kwari,
ga kuma ramin, bai kai ƙwayar wake ba,
can a mafitar tumbi, yana tsiyaya abinsa
kamar ba shi ya hana mutum bakwai barci ba.

Da ɗinki uku ne, da mun sha shayi kafin asuba.
Sai dai wani tsohon yanka, na tun yana saurayi,
ya bar hanji manne da bango kamar yanar gizo-gizo.
Ta ja kaɗan.
Allo ya rine ja.

Na'urar Baltasar ta sauya murya.
Na ga likita ta tsaya, ƙiftawar ido biyu.
Ita ce ta ce wa matar a baranda:
huji uku ƙanana, ko tabo ba za ki gani ba.
Ta haɗiye maganarta.
"Cire kyamara. Ba ni wuƙa."

Daga ƙirji zuwa cibiya.
Ƙyalle, ƙyalle, ƙaro goma, danna nan, riƙe,
har jijiyar ta yi shiru a bakin hantsaki.
Ta ɗinke ramin, ta janyo labulen kitse ta yafa masa,
muka wanke da ruwan gishiri lita shida
har abin da ke dawowa ya yi garau.

"Herminia, ƙirga."
Sha tara.
Na sake. Na duba bokiti, na duba ƙarƙashin takalmi.
Sha tara.
Hannunta na kan zaren rufewa, idonta ya yi ja,
ta girme ni a karatu, na girme ta a taurin kai.
Na ce, "Ba a rufewa."

Ta mayar da hannu har wuyansa,
ta lalubo bayan saifa,
ta zaro shi, a dunƙule, launin nama.
Ashirin.
Ba wanda ya ce komai. Baltasar ya yi tari.

Da gari ya waye matar ta ga tsawon bandeji,
ta auna da tafin hannu, ɗaya da rabi,
ta ce, "Yana numfashi dai?"

Na sauka gida a taragonsa, wani yaro ke ja.
Igiya na ƙara, teku na matsowa,
ni kuma, ban sani ba, ina ƙirga rufin gidaje.