Ƙyauren Senami

Ni ce Barira 'yar Agege,
can aka binne cibiyata, daf da layin dogo.
Ban san wani ruwa ba sai na randa
har ranar da takardar aiki ta jefo ni tsibiri,
ungozomar gwamnati da akwatin magani guda.
Kwalekwale ke kawo ni daga Apapa
in injin bai tashi da fushi ba.

Garin duka ana zaga shi kafin tuwo ya nuna.
Da dare muna hango Legas tana ƙona fitilunta,
ƙugiyoyi na tsamo kwantena kamar mai kwashe ƙosai,
ni kuwa da hasken waya nake karɓar haihuwa,
wayar a tsakanin haƙorana, hannuwa biyu na aiki.

Wata Asabar, rediyona na tari,
na tsinci muryar wata mata daga can tsakiyar teku,
ƙasar da a taswira ba ta kai ƙwayar gero ba.
Ta ce ruwan gishiri ya shiga rijiyoyinsu,
ya shiga maƙabarta,
amma a majalisarsu mata ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.
Na rage murya, na dubi ƙasa.
Ashe shi ne, shi ɗin dai, ya jiƙe min silifa.

Maƙwabciyata Senami mai ƙyafe kifi
ba ta da boko, ba ta da rediyo.
Tana da ƙyauren madafi
da gawayi.
Duk shekara in ruwa ya hau, sai ta ja layi:
wannan na shekarar haihuwar Mautin, idon sawu;
wannan na zuwan masu haƙar yashi da injinsu, ƙwauri;
na bara, gwiwa.
Na bana ba ta ja ba tukuna. Damina da saura.

Sai aka ce baƙi na tafe da maganar ci gaba.
Aka kafa rumfa, aka jera kujerun roba.
Baale a tsakiya, ga kansila, ga ɗan kwangila mai farin takalmi
wanda aka goyo daga jirgi kada ya taka laka.
Sha biyu na ƙirga, duk masu hula.
Mu aka ce mu kawo ruwan leda,
mu tafa in an yanke ƙyalle.
Wai ƙofar gari za a gina mana, ta siminti, mai ado,
da sunan mai girma a goshinta.
Ƙofa! A garin da teku ke shigowa ba sallama.

Ban ga fitar Senami ba,
dawowarta na gani:
ƙyauren a ka, ta ɓanɓaro shi har da ƙusoshinsa,
yana tashin hayaƙi da ƙarnin kifi.
Ta dire shi kan tebur, kwalaben lemo suka watse.
Ta faɗa da yarensu, na juya wa baƙi
muryata na rawa:
"Ga takardarmu. Ku karanta."

Wani ya soma dariya, dariyar ta mutu a hanya.
Ɗan kwangila ya dubi layin gwiwa, ya dubi takalminsa.
Baale ya ce a ba ta wuri. Ba wanda ya motsa.
Sai ta kife bahon kifinta a ƙarshen sahu
ta zauna.
Sha uku.

Ba zan ce an fasa ƙofar ba,
harsashinta na nan, ruwa na lasa.
Ba zan ce an kawo wuta ba.
Amma yanzu in taro ya taso, yaro ake aikowa,
wai a gaya wa Senami ta zo da bahonta.
Ran Laraba mu huɗu muka bi ta, kowa da nata.

Ke matar rediyo, ban riƙe sunanki ba,
ban san da wane harshe kike wa 'ya'yanki faɗa ba.
In kina da ƙyaure, ki leƙa bayansa.
Namu na jingine a ɗakin shan magani,
gawayin na kan taga,
ga hadari can ya haɗo ta wajen Badagiri.