Abin Da Na Gani Daga Kujerar Gaba

Shekara ashirin da uku, Huwaila,
ina zama gaban zauren jarrabawa
a makarantar nan ta Tudun Wada,
agogo a hagu, tulin takardu a dama,
fanka ɗaya na juyawa kamar mai gyangyaɗi.
Ban taɓa rubuta wa kowa amsa ba,
amma na karanta goshin yara dubu.

Gobe taki ce. Rufe littafin, zo nan.

Na ga Nafi'u, da ya kwana da goro a kunci,
ƙafafu cikin bokitin ruwa kada barci ya sace shi,
ya haɗiye littafin kimiyya a dare guda
kamar mai cin tuwo a tsaye.
Da safe ya shigo ido jajawur,
ya kifa kai a kan tambaya ta biyu.
Ni na tashe shi, saura kwata.
Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na ga Rahila 'yar Kakuri,
uwarta na suyar ƙosai bakin tsohuwar masaƙa.
Tun kafin ruwan farko ya sauka
take tara ƙannenta gefen kasko,
tana juya ƙosai, tana faɗa musu
yadda jini ke fita zuciya ya dawo.
In ta kakare, ta koma shafi.
In sun gane, ta san ta gane.
Ran jarrabawa birona na ara mata,
nata ya ƙafe.
Hannunta dai bai tsaya ba.
Ki tafi da biro biyu.

Akwai Sagiru, kai kamar kwamfuta.
An ce amsa uku cikin biyar,
bai karanta layin sama ba,
ya auka wa biyar ɗin duka,
ya bar kowacce da rabin riga.
Layin nan na sama, ƙanana-ƙananan baƙaƙe,
shi ne mai unguwa.
A gaishe shi kafin a shiga gari.

In tambaya ta murtuke fuska, ki wuce ta.
Ba bashinta kika ci ba.
Fara da wadda ta yi miki murmushi,
hannu ya yi ɗumi, zuciya ta sauka,
sannan ki dawo wa mai taurin kai.
Sau da yawa za ki tarar ta huce.

Ki raba lokaci kamar naman Sallah,
kowa da kasonsa,
ki ɓoye minti goma na dubawa.
Nan ake kama sifirin da ya gudu,
da sunan da aka manta ba a rubuta ba.
E, suna. Na ga wannan ma. Sau huɗu.

Na ciro takarda daga safar wani yaro.
Ba zan faɗi sunansa ba, yanzu yana da 'ya'ya.
Daren da ya ɓata yana ƙanƙanta rubutu,
da karatu ya yi, da ya wuce.
Har yau in mun haɗu a Kasuwar Barci
shi ke fara sunkuyar da kai.

Ki karya kumallo, ko koko ne.
Ki fita da wuri, kin san Bakin Ruwa
in hadari ya haɗo, Keke Napep sai ya zama gwal.

To, ga abin da ban taɓa faɗa ba.
Gobe ba ni da kujera, ba ni da agogo.
Zan tsaya waje, ƙarƙashin dalbejiya,
cikin iyayen da na saba kora daga bakin taga,
kuma tun yanzu tafin hannuna ke gumi.
Ashe haka suke ji.

Ga yayyafi ya fara taɓa kwano.
Je ki kwanta.
Na fiƙe miki fensir,
na sa shi cikin takalminki, don kada ki manta.