Ina Uwarsa?

Barira ce ta ɗora mini wannan aiki,
ɗiyata, mai karatun likitan dabbobi.
Ta ce, Baba, ba na gadi nake so ba,
ba na farauta ba,
ɗan mitsitsi ne, fog ake ce masa,
fuska a murtuke kamar wanda aka ci bashinsa
aka hana shi.

Na ce to. Uba ba ya rasa wauta.

A shataletalen Ƙofar Ƙaura
wani yaro ya buɗe mini kwalin taliya.
Ido ƙuru-ƙuru, ciki kamar tulu,
haƙarƙari ana ƙirgawa.
Na ce, ina uwarsa?
Ya ce tana Legas.
Katin rigakafi fa?
Yana wajen uwar.

Na biyun a waya muka yi.
Murya zuma, hoto fes,
Alhaji, turo rabi, direba na tasha.
Barira ta duba hoton ta fashe da dariya:
dusar ƙanƙara ce a bayan karen.
Yaushe ta sauka a Funtuwa?

Mai gyaran firjinmu ne ya ce mu je Dutsen Safe
mu tambayi gidan Haladu.

Gida ba fenti. Bedi biyu, randa,
jiƙaƙƙen buhu shimfiɗe a ƙasa.
Uwar na kwance, huɗu na tsotso.
Ba ta yi mana haushi ba, hamma ta yi.
Ban kai ga tambaya ba ya miƙo littafi:
ranar haihuwa, ranar allura, sa hannun likita,
har na biyar ɗin da ya mutu
bai goge shi ba.

Sannan ya juyo ya titsiye ni.
Gidanka da inuwa?
In an ɗauke wuta a Afrilu, me za ka yi?
Hancin nan bai iya zafinmu ba,
saurari numfashinta.
Na saurara:
tsohon babur na hawan tudu.
In yarinyar ta tafi bautar ƙasa
wa zai goge masa ninkin fuska?
Maƙwabta fa, sun sani?

Kuɗina na aljihun gaba,
na shafa su don ya gani.
Ko kallo.
Ya ce, sai ya cika wata biyu a nonon uwa,
kuma sai na zo na ga gidanka.
In ya gagare ka, kar ka kai shi kasuwa,
dawo mini da abina.

A hanya Barira ta ce, mutumin nan da fi'ili yake.
Na ce, shekara talatin ina awon hatsi,
ban taɓa jin tsoron mai nuna mini
inda buhunsa ya huje ba.

Asabar zai zo.
Na sa an kafa rumfa, na sayo fanka mai caji,
tun asuba nake sharar tsakar gida.
Ni da na fita saye,
ni ake zuwa bincike,
kamar mai neman aure.